Mai Jan Waya da Guntu na Uku

An yi wani mai jan wayar intanet a ofisoshi, wanda ya shekara goma sha tara yana aiki da wayar jan ƙarfe, kuma a ganinsa wannan ya ishi mutum ilimi. Da haƙori yake feɗe waya. Guntayen da suka zuba ya share su da tafin hannu, ya hure sauran. Lantarki ya ja shi ba sau ɗaya ba bai mutu ba, sai ya ɗauka sun saba da juna. Jarinsa kaf idonsa ne, domin da shi yake jera ƙananan wayoyin nan takwas masu launi daban-daban da ke cikin kebul, kuma da shi ake ɗora tukunya a gidansa.

Sai zamani ya zo da faiba, wayar da cikinta zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, haske ke bi ta ciki maimakon wuta. Da yake kwamfutocin mutane ba sa jin yaren haske, sai aka kawo wani ɗan baƙin akwati kamar sandar sabulu, ana ce masa kwambata. Faiba ta shiga ta nan, jan ƙarfe ya fita ta can, shi yana tsakiya yana tafinta. Mutumin namu ya yarda da rabin akwatin, wato ɓangarensa. Ɗaya rabin aikin wani abokinsa ne, wanda in zai yanka faiba sai ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya sa tabarau, ya tsince kowane guntu da salatif ya jefa a kwalba, ya kuma wanke hannu kafin ya taɓa fuska. Mutumin namu kan tsaya a kansa ya ce, "Malam, kaciya kake yi ne ko gyaran waya?"

Ran nan a wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, mai shara ta ja tebur, bakin faibar ya karye a jikin kwambata, fitilarta ta mutu. Washegari ɗalibai ɗari biyu za su zauna, mai kwalba kuwa ya tafi ta'aziyya garinsu. Mutumin namu ya ɗauki jakar kayan abokin, tunda ya sha kallon aikin, kuma kallo a wurinsa koyo ne. Ya feɗe, ya yanka, ya sa sabon kai, ya cusa. Fitila ta kawo kore. A ba shi haƙƙinsa, aikin ya yi kyau. Sai dai sau uku ya yanka kafin ya dace, guntu uku suka faɗi kan tebur, ya bi da tafin hannu yadda ya saba. Ana tsakiyar bazara, fanka ba ta juyawa. Gumi ya gangaro masa cikin idon dama, ya murje da wannan hannun.

Da farko kamar ƙwayar yashi. Ya wanke wajen alwalar azahar, ba ta fita ba. Duk ƙiftawa sai ya ji wani abu ya karce shi daga ciki, a hankali, kamar mai rubutu. Yana cikin sahu ya tuna da guntayen gilashin nan. Ana sallamewa ya koma ɗakin, ya haska teburin da fitilar wayarsa. Ya ga guntu ɗaya yana ƙyalli a gefe. Ya ga na biyu a ƙasa kusa da ƙafar kujera. Na uku ya nema da rarrafe har la'asar, mutum mai furfura a gemu yana shinshina siminti, mai shara na tsaye da tsintsiya tana jiran ya gama. Bai same shi a ƙasa ba, kuma ya san inda bai duba ba.

A gida matarsa ta buɗe idon da yatsu biyu, ta hura sau uku kamar yadda ake yi wa wanda ƙwaro ya faɗa wa, ta ce, "Maigida, ni fa ban ga komai ba." Ya so wannan magana ta kwantar masa da hankali, har ya ba ta kwana biyu ta yi aikinta. A kwanakin nan yana murzawa, don a saninsa abin da ya shiga da murza, da murza yake fita. Ran na uku idon ya yi ja kamar gauta, hasken ƙofa ma ya gagare shi. Ya rufe na hagu ya ɗaga hannunsa, ya ga yatsun sun narke cikin hazo. Nan ya zauna bakin gado yana gwada yadda mutum ke laluben takalmi.

A asibitin ido likita ta ɗora haɓarsa kan na'ura, ta daɗe tana leƙe. Sannan ta ɗago ta tambaye shi:

"Baba, ka murza?"

"Kaɗan."

"Kwana nawa kana yin kaɗan ɗin?"

Ta ciro guntun, ta ɗora kan auduga ta miƙo masa ya gani. Ya ƙura lafiyayyen idon, bai ga komai ba sai auduga. Raunin kuwa ya riga ya ruɓe, da ya warke ya bar farin tabo a tsakiyar baƙin idon, daidai inda haske ke shiga. Ɗalibai sun yi jarrabawarsu lafiya, babu wanda ya san da shi. Shi kuma har yau yana nan yana jan waya, sai dai in za ka yi masa sallama ka zo ta hagu.

Hausawa ba su san faiba ba lokacin da suka ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.