Ɗan Fari

"Wannan matar ce ta fi ba ni haushi," in ji wata likita, tana nuna wa jama'a hoto a bangon cocinsu na unguwar Parkchester da ke Bronx, can ƙasar waje. Makon jiya ta dawo daga wani ƙauye a Nijar, inda mishan ta kai magani da bishara. "Zazzaɓi ya rufe ɗanta, na tambaye ta sunansa, ta kau da kai. Maƙwabciya ce ta faɗa. Ko kallonsa ba ta yi. Irin wannan zuciyar muke roƙon Ubangiji ya tausasa."

Jama'a suka ce amin, ban da mahaifiyar likitar. Tsohuwar ta dafa sanda ta miƙe.

"Ke, wa ya kawo yaron?"

"Ita ce, Mama. A goye."

"A mota?"

"A ƙasa. Wai tun asuba take tafe."

"To, ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a gaban mutane. Kunya ce. Bakinta ne ya yi shiru, ƙafarta ba ta yi ba."

Likitar ita ce 'yar fari a gidansu. Kowa ya kira sunanta, a makaranta, a asibiti, ranar baftisma. Amma matar da ta tsufa tana jinyar tsofaffin Bronx don ita ta zama likita, har yau "ke" take ce mata.