Shuɗin Allon Shagon Alhaji Maitama

Kwamfutar shagon Alhaji Maitama ta sake yin shuɗi ta ƙame, kuma kamar kullum Alhajin ne da kansa ya buga wa Mahadi waya tun da hantsi.

"Malam Mahadi, abin nan ya dawo. In ya fi ƙarfinka ka faɗa mini, in kai ta Zariya."

Mahadi ya hau babur ya nufi shagon. Duk Malumfashi shi ake nema in kwamfuta ta yi gardama, in kuwa wannan ta tafi Zariya to sunansa ya zube. Ga kuma abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: in ta tafi, ba shi da sauran dalilin taka shagon, balle ya ga Nana Khadija, 'yar Alhaji, wadda ke shigar da cinikin taki da irin masara a cikinta. Ya daɗe yana son ta, amma da ya gan ta sai bakinsa ya mutu.

Ya tarar da ita ta yi tagumi a gaban allon. Alhaji, tsohon akawun kamfanin auduga mai cewa idonsa ya gaji da na'ura, ya jawo masa kujera kusa da 'yar tasa, ya sa aka kawo fura, ya ce kada ya tashi sai ya gano cutar. Sannan ya fita duba buhuna, dubawar da ba ta ƙarewa.

Mahadi ya kashe kwamfutar ya kunna, ta tashi garau. Ya duba inda na'ura ke ajiye tarihin faɗuwarta, wayam. Ya kwance ta, ya kakkaɓe, ya mayar. Lafiyarta ƙalau, ta ma fi shi lafiya.

Yana cikin kurɓar fura abin ya faɗo masa. Shi da hannunsa ya sabunta mata manhaja bayan sallah, kuma a sabon tsarin an daina shuɗi: in kwamfuta ta faɗi, baƙi take yi. Ya laluba, sai ga shi. Hoton tsohon shuɗin allo ne kawai, wani ke buɗe shi ya cika fuskar.

Ya saci kallon Nana Khadija. Ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen hijabinta. Daɗi ya kama Mahadi har cikin ransa, ashe ciwon ba shi kaɗai yake ci ba. Ya rufe hoton, ya ci gaba da shan furarsa. A makon nan ya sami bakin magana, kafin girbi kuwa kawunansa sun je neman aurenta.

Bayan biki ya tsokane ta. "Amarya, ai da kin faɗa mini kawai, da ba ki wahalar da babur ɗina da hoton nan ba."

"Wane hoto?" in ji ta. "Ni da nake ta fargabar Baba zai ce ni na lalata masa na'ura?" Ta rantse har da Allah.

Washegari ya je gaida surukinsa. Ya tuɓe takalmi a ƙofar shago, bai kai ga sallama ba ya hango Alhaji a gaban kwamfutar, tabarau a kan hanci, yatsunsa na gudu kamar na ɗan jami'a. Kusa da shi abokinsa ne Malam Shitu na Kafur, wanda shi ma yake da 'ya a shagonsa.

"Kai dai ka nemi hoton baƙin allo, Shitu," Alhaji ke cewa. "Shuɗin nan da na yi ta sawa, saura ƙiris yaron ya gano ni ne."