Rabin Amsa

Tabarma, buta, goran fura, da waya a aljihu. Da su kaɗai ya ɗauko innarsa daga Tabotaki zuwa wurin lokotoro mai duba ido a Madawa.

Wata uku baya ta ce ƙudaje na yi mata yawo a idon dama, ba su koruwa. Ya tambayi manhajar hira ta wayarsa. Ta amsa da Faransanci: yawanci tsufa ne, ba illa, amma in ta ga walƙiya, a kai ta asibiti ranar nan. Ana tsakar yankan hatsi, shi kaɗai a gona. Ya fassara mata rabin farko.

Da walƙiyar ta zo ba ta gaya wa kowa ba, tunda an ce ba komi.

Lokotoro ya kashe fitilarsa. "Malam, kun makara. Idon ya tafi."

A gida ta dafa kafaɗarsa. "Ɗan nan, bar damuwa. Waya ta ruɗe mu, mi ne laifinka?"

Ya raka ta ɗaki, ya ja mata ƙyaure. Har ta koma ga Allah ba zai gaya mata ba.