Sababbin Tayoyi a Baya

"Baba, wa ya mayar min da sababbin tayoyin zuwa baya?"

Saura minti goma a fara tseren ƙarshe, ga 'yar motarta mai rimot sai santsi take a kowace kwana.

"Ni ne," in ji tsohon bakaniken. "Shekara arba'in ina gyaran tirela. Ƙarfin mota a baya yake."

Ta ɗaga motar sama, ta danna rimot. Tayoyin gaba suka hau juyawa, na baya ko motsi.

Ya gyara tabarau, ya leƙa ƙarƙashinta. "Ikon Allah! Ashe ita ke jan kanta, ba tura ta ake ba?"

Ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya miƙa mata sifana.

"Ke ɗaura su a gaba. Ni zan riƙe miki."