Lambar Mai Wankan Gawa

Babu wayar da za ka buɗe a unguwar Lakemba ta birnin Sidni na ƙasar Ostireliya ba ka ga lambar Abu Firas a ciki ba. Direban motar 'yan makaranta ne, amma shi ke yi wa mamatan unguwar wanka, ba ya karɓar komai. Duk gidan da aka yi rashi, shi ake fara kira kafin dangi.

"Ni fa Alhaji, ranar da na ga kiranka guduwa zan yi," in ji Marwan mai gidan burodi, wanda ke zuba masa ruwa wurin wankan.

"Kwantar da hankalinka. Ni ba na kira, kirana ake yi. Ranar taka ma matarka ce za ta bugo."

Wata safiya yana ɗaura takalmi, jami'an tsaro suka cika masa gida. Suka kwashe wayoyi, suka warware likkafanin da ya adana a gareji, suka tafi da shi. Ashe sun daɗe suna bibiyar kiran duk mai shiga masallacin unguwar. Sai suka ga lamba ɗaya ta haɗa kowa da kowa, har da wani saurayi da ake zargi da shirya ɓarna.

"Me ya haɗa ka da yaron nan? Ya yi ta kiranka a watan jiya," in ji wani jami'i.

Abu Firas ya saki baki yana kallonsu. "Ubansa na wanke," ya ce.

Washegari suka sake shi. Ba a tuhume shi ba, ba a kuma ba shi haƙuri ba. Makaranta ta ce iyaye sun tsorata, ta karɓe makullin mota. Mutanen da ya wanke wa iyaye suka shiga goge lambarsa a ɓoye.

"Kada ka ga laifina, Alhaji," in ji Marwan, idonsa a ƙasa. "Ina da yara."

Ba a jima ba yayansa Nazih ya rasu. Gawar babba ba ta juyuwa a hannun mutum ɗaya, don haka Abu Firas ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya buga waya. Ya kira wannan, ya kira wancan, shiru. Can Marwan ya ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Ni ne. Nazih ya rasu, ina neman mai zuba mini ruwa."

Sai ya ji an kashe.

Ya ajiye wayar. Sannan ya naɗe hannun riga, ya wanke ɗan'uwansa shi kaɗai, yana tallabe da kafaɗar da hannu ɗaya, buta a ɗayan.

Mai karatu, tsaron ƙasa wajibi ne, amma da hujja da izinin alƙali ake bin mai laifi. Hukumar da ta mai da wurin ibadar mutane dalilin zargi ta yi zalunci. Mu kuma da muke goge lamba mu yi shiru, mu ne muke ƙarasa mata aikin.