Ciwon da Aka Ɓoye wa Mai Walda

Mai walda ya yi shekaru da ciwon suga. Kowa a gidansa ya sani, ban da shi.

Ranar da aka auna jininsa, babban ɗansa ne ya karɓo sakamakon. Ya dawo suka haɗa baki da uwarsa, wai kada a faɗa wa Baba, mutum ne mai sa abu a rai. Suka ce masa ƙwayoyin da aka rubuta masa na ƙarin ƙarfi ne. Matar ta daina sa masa suga a shayi.

"Wannan shayi ne ko ruwan wanke kofi?" in ji shi.

"Ka sha haka nan, maigida, ya fi lafiya."

Shi kuwa da ya isa shago, sai ya huce haushinsa da lemon kwalba mai sanyi. Ƙwayoyin ma sai ya ga dama. Wa zai damu da maganin ƙarfi alhali yana ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai?

Ƙafafunsa suka fara mutuwa. Har alfahari yake wa maƙwabcinsa bakanike: "Tartsatsi ya daina cina, na zama ƙarfe!"

Wata rana gutsuren ƙarfe mai zafi ya faɗa cikin takalminsa. Bai ji ba, sai da bakaniken ya ce, "Kai, ƙauri nake ji, wa ke babbaka a nan?" Mai walda ya cire takalmin, ga rami a tafin ƙafa. Ya shafa baƙin mai, ya ɗaure da tsumma, ya koma aiki. A gida bai nuna wa kowa ba. Ƙuna ba labari ba ce wurin mai walda.

Sai da ƙafar ta yi baƙi tana wari aka kai shi asibiti. Likita ta kwance tsumman, ta ɓata rai.

"Baba, mai ciwon suga ne zai yi wasa da rauni a ƙafa? Ba a ce ka riƙa duba ta kullum ba?"

"Wane ne mai ciwon suga?"

Ɗan ya sunkuyar da kai. Matar ta fashe da kuka. "Don kada hankalinka ya tashi ne, maigida."

Mai walda ya dube su. "To, madalla. Yanzu ai ya kwanta."

Jama'a, ciwon da ba ya warkewa, mai shi ne ke kwana da shi, ya tashi da shi. Ku faɗa masa sunan ciwonsa, ku koya masa maganinsa da abin da zai kiyaye, don ba ku ke binsa wurin aiki ba. Mai walda ya san nasa ne a makon da aka yanke masa ƙafa daga gwiwa.