Guguwa a Wasan Asabar

Tun da gari ya cinye daji aka hana farauta, dole kowane kare a Zariya ya je wasan Asabar. Wanda ya yi wasa lafiya da 'yan'uwansa, fitilar wuyansa ta kawo kore. Wanda tasa ta kawo ja, farar mota marar taga tana jiransa a bakin ƙofa.

Jatau, tsohon mafarauci, ya kawo karyarsa Guguwa. Ta yi ta birgima da 'yan kwikwiyo, har wani ya ciji kunnenta ba ta yi gurnani ba.

"Baba, saura zomo," in ji Lantana, mai kula da filin. "A nan karnukan farauta ke faɗuwa."

"Sake shi, 'yata."

Aka saki zomo. Karnuka biyu suka bi shi, wuyansu ya kawo ja. Guguwa kuwa ta kwanta, haɓa a ƙasa, ko wutsiya ba ta kaɗa ba, har zomon ya gifta ta gaban hancinta. Kore ya kama.

"Ikon Allah! Baba, ta fi yarana hankali. Ta manta farauta ke nan."

Jatau ya gyara hula. "Haka dai," ya ce.

Ya san wannan kwanciyar. Ita ya koya wa uwar Guguwa da kakarta: a laɓe, kada a tashi sai an ji fito. Suka wuce farar motar, yana tafe da ƙasaita, leɓɓansa a matse. Shi da ba ya tafiya sai da fito, har gida bai yi ba.